Littafin zane a aljihu: yadda baƙo zai saba da Alƙahira

A watan Janairu na raka Kawuna Alƙahira za a yi masa aikin gwiwa. An ce mana mako uku, muka share bakwai. Duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar da ba tasa ba ya san tsawon yini a can: ka kai mara lafiya gashi da safe, ku dawo, ya ci abinci ya sha magani, barci ya ɗauke shi, kai kuma ka zauna kana kallon bango, ƙarar hon ɗin motoci tana shigowa ta taga ba dare ba rana. Sana'ata a Zariya zanen hula da riga ce. Tun ina yaro nake jan aska biyu da aska takwas da dagi a kan yadi, amma ban taɓa zana gini ba sai da zaman jinya ya kai ni can. Abin da na koya a makonnin nan bakwai shi nake so in miƙa wa duk wanda tafiya za ta kai babban birni, ko jinya, ko karatu, ko saro kaya.

Garin da mutanensa suka haura miliyan 20 yawo ba ya sa ka saba da shi. Za ka iya kwana goma kana hawa mota kana sauka, ka koma gida ba ka riƙe komai ba sai gajiya da hotuna a waya. Sabo yana zuwa ne idan ka zauna wuri ɗaya har wurin ya san fuskarka. To baƙo ba ya iya zama a bakin titi minti arba'in hannu rabbana, shi kansa zai tsargu, mutane ma za su fara tambayar me yake nema. Da littafi a cinya da fensir a hannu kuwa, kowa ya gan ka ya san abin da ya zaunar da kai.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma kada ka bari su yi yawa. Littafi mai farar takarda marar layi, mai bango mai tauri don ya zame maka tebur, wanda zai shiga aljihun gefen kaftani. Fensir biyu, ɗaya mai tauri ɗaya mai laushi, irin wanda aka rubuta 2B a jikinsa. Baƙin biro na yau da kullum. Abin maƙale shanya guda biyu, saboda iskar hunturu tana ɗaga shafi daidai lokacin da kake tsakiyar layi. Idan da reza ka saba fiƙe fensir kamar ni, kada ka sa ta a jakar hannu, za a karɓe ta a filin jirgi. Saya wata idan ka isa. Alƙalami mai shan tawada kuma ka zazzage shi kafin ka hau jirgi, don nawa ya yi aman tawada a aljihu muna sama, ya ɓata mini sabuwar shadda. Idan littafinka ya cika, unguwar Faggala kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ramsis cike take da shagunan takarda da kayan rubutu.

Kwana ukun farko kada ka je ko'ina mai nisa. Na san zuciya za ta ja ka zuwa dalar Giza da kogin Nilu, bar su, ba inda za su. Shafin farko na littafinka taswirar unguwarku ce. Mu a Abbasiyya muka sauka, a wani gida da wani ɗalibin Azhar ɗan ƙasarmu ya samo mana haya. Na fito ƙofar gida na ja layi ɗaya, wato titinmu, na sa alama a inda gidan yake. Daga nan na yi dama har kwana, na dawo, na yi hagu har kwana, duk abin da zai yi mini amfani na ɗiga shi a kan layin: kantin magani, mai gasa gurasar da suke kira esh baladi, masallacin da ya fi kusa, mai matse ruwan rake, wurin sa kati a waya, bakin matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Taswirar ba ta buƙatar kyau. Amfaninta shi ne hannunka ya rubuta abin da ƙafarka ta taka, ba zai ƙara ɓace maka ba. Kashegari ka ƙara titi biyu, jibi ka ƙara biyu. Ranar da cajin wayata ya ƙare ina dawowa daga sayo magani bayan isha'i, wannan shafin ne ya kawo ni gida.

Mutum na farko da ya kamata ya ga littafinka shi ne bawwab, mai gadin ƙofar bene. Kusan kowane dogon gida a Alƙahira yana da nasa, kuma shi ne ya san mai gyaran famfo, ya san lokacin da mai tukunyar gas zai wuce yana buga ƙarfe a jikinta, ya san kuɗin da ya kamata ka biya direba. Namu dattijo ne daga kudancin Masar, da jallabiya da rawani, kullum yana kan benci a bakin ƙofa. Na gaishe shi, na nuna masa taswirar, na tambaye shi sunan titin da ke bayanmu. Ya karɓi fensir ya gyara mini kwana ɗaya da na karkata, ya rubuta sunayen da hannunsa. Daga ranar ya daina kirana baƙon hawa na huɗu, ya koma ce mini ustaz.

Bayan taswira, sai ka nemi wurin zamanka. A can suna da shagunan shayi da suke kira ahwa, kujeru a jere a bakin titi, da ƙananan tebura na ƙarfe. Zaɓi ɗaya kusa da gida, ka riƙa zuwa kullum a lokaci ɗaya, ka zauna a kujera ɗaya, bayanka jikin bango. Wannan na bango yana da muhimmanci: ba mai tsaya maka a ka, kuma aljihunka na baya a tsare yake. Ka ce a kawo shai, idan ba ka son zaƙi da yawa ka ƙara da sukkar barra, za a kawo sukarin daban. Akwai karkade, wanda zoɓonmu ne sak, suna shansa da zafi lokacin sanyi. Sannan ka zana abin da ke gabanka, ko mene ne. Ni kwana biyar ina zana baranda ɗaya ta gidan da ke kallonmu, wadda wata tsohuwa take zuro kwando da igiya daga hawa na uku, mai kanti ya sa mata kaya ta ja. Ranar farko barandar ta fito a karkace. Ranar ta biyar na san yawan ƙarafunanta, na san ƙarfe nawa kwandon yake sauka, mai shayin kuma ya daina tambayata abin da zan sha. 'Yar'uwa mace, irin waɗannan shagunan na unguwa galibi maza ne a ciki. Ke harabar manyan masallatai da lambun Azhar da aka buɗe a 2005 za su fi miki daɗin zama, kuma a jirgin ƙarƙashin ƙasa akwai taragun mata zalla a tsakiya.

Idan ƙafarka ta zauna a unguwa, sai ka nufi tsohon gari. Daga Abbasiyya layi na uku na jirgin za ka hau, tasha ta uku ita ce Bab al-Sha'ariyya, daga nan ƙafa za ta kai ka titin Mu'izz. Tsallaka titi a garin nan sai da dabara: ka tsaya gefen ɗan gari, ya zama shi ne tsakaninka da motoci, ya ɗaga ƙafa ka ɗaga, kada ka yi gudu kuma kada ka ja da baya. Ka je ranar Juma'a da sassafe in ka samu hali. Gari yana barci, shaguna a rufe, titin da ba ka iya jefa ƙafa ran Alhamis da yamma za ka same shi fayau har wajen hantsi.

Titin Mu'izz shi ne kashin bayan birnin da Faɗimiyyawa suka kafa a 969. Ya tashi daga Bab al-Futuh a arewa, ƙofar da aka gina a 1087, ya gangara har Bab Zuwaila a kudu, ta 1092. Tsakaninsu masallatai da makarantu da hubbare sun yi kafaɗa da kafaɗa, kuma nan ne sabon mai zane yake ruɗewa, don ido yana so ya kwashe komai lokaci guda. Kada ka fara da ginin Sarki Ƙalawun, adonsa zai cinye maka yini ba ka gama taga ɗaya ba. Nemi ƙaramin ginin nan da ya tsaya a inda titi ya rabu biyu, sabil ɗin Abdurrahman Katkhuda na 1744, wanda a da ƙasansa wurin shayar da mutane ruwa ne, samansa makarantar allo. Akwati ne a kan akwati, ya dace da mai koyo.

Ga yadda za ka yi. Kafin fensir ya taɓa takarda, yi minti biyu kana kallo kawai. Sannan miƙe hannunka sosai, gwiwar hannu ba lanƙwasa, ka riƙe fensir a tsaye, ka rufe ido ɗaya. Daidaita kan fensirin da saman ginin, ka zame babban yatsa har ya zo daidai da gindinsa. Wannan shi ne ma'auninka. Kwantar da fensirin, yatsa bai motsa ba, ka ga faɗin ginin ya kai rabin tsawon ko ya wuce. Abin da ka samu shi za ka fara sa wa a takarda: akwati ɗaya, da layi mara nauyi wanda da kyar ake ganinsa. Tela ba ya fara aikin wuya kafin ya yanka riga, haka nan kada ka taɓa ado kafin jikin gini ya tsaya. Bayan haka nemo layin idonka, wato tsayin da idonka yake daga ƙasa, ka ja shi a kwance daga gefe zuwa gefe. Duk layin bangon da yake tafiya nesa da kai, in yana sama da idonka gangarowa zai yi, in yana ƙasa hawa zai yi, su nufi haɗuwa a kan wannan layin. Kai zai gaya maka rufin gini a miƙe yake, don ka san haka magini ya yi shi. Kada ka saurare shi. Ɗora fensir a kan layin rufin a iska, ka ga karkatarsa da idonka, ka sauko da ita takarda yadda take.

Sai jiki ya tsaya za ka raba shi: ina ƙofa, ina taga, ina baranda. Ado kuwa ɗan kaɗan ya isa. Tagogin katako masu ƙananan ramuka da suke kira mashrabiyya, in ka ce sai ka zana kowane rami za ka kwana a wurin. Cika kusurwa ɗaya da kyau, sauran ka bi da inuwa, idon mai kallo zai ƙarasa. Inuwa ita ce ke ba zane nauyi, kuma tafiya take yi, don haka ka yanke shawara sau ɗaya: duba inda take yanzu, shata iyakarta, cike ta, ko da ta matsa bayan minti goma kada ka bi ta. Da hantsi da bayan la'asar ne take fita sosai. A hunturu magariba tana yi wajen ƙarfe biyar, saboda haka zaman yamma gajere ne, ga sanyin da ke sandarar da yatsu. Launi kuma ban saya ba ko sau ɗaya. Ragowar shayin da ke gindin kofi nake dangwala da ɗan yatsa in shafa a bango, ya bushe ya ba da kalar dutsen garin, ruwan ƙasa mai haske kamar an yayyafa masa ƙura.

Inda na fi daɗewa shi ne masallacin Ibn Ɗulun, kuma in kwana ɗaya tak gare ka na zane, can za ka kai shi. An gina shi tsakanin 876 da 879, da jan bulo da shafe, ya girmi Azhar da kusan shekara ɗari. Kana shiga hayaniyar gari take yankewa, domin akwai wani fili da katanga da suka kewaye shi kafin ka kai ainihin masallacin. Tsakar gidansa fili ne murabba'i, fetal, da ƙubba a tsakiya wadda Sarki Lajin ya gina a 1296, kowane gefe kuma bakuna ne masu tsini a jere, ɗaya na bin ɗaya. Na zauna a inuwar wani ginshiƙi, sai na tuna bakan gizo na masallacin Juma'ar Zariya da Babban Gwani ya gina, yadda nauyin rufi yake gangarowa ta cikin baka ya sauka a ƙasa. Kayan gini daban, hikimar ɗaukar nauyi ɗaya. A saman katanga akwai ado a jere kamar mutane sun riƙe hannun juna, wanda ya tsaya a inda zanko yake tsayawa a gidajenmu.

Bakuna a jere su ne jarrabawar mai zane. Zana na kusa da kai da na can ƙarshe tukuna, ka haɗa kawunansu da layi ɗaya, gindinsu da wani layin, sannan ka cusa sauran a tsakani, kowanne ya fi na gabansa ƙanƙanta da matsewa. Sau uku na yi shafin nan kafin ya zauna. A gwaji na uku ne na lura adon shafen da ke cikin bakunan ba iri ɗaya ba ne, wani ganye ne ya naɗe, wani layuka ne suke saƙa juna kamar dagi. Na yi awa guda ina kwafe su ɗaya bayan ɗaya a gefen shafi, biyu daga ciki yanzu suna kan hulunan da na zana bayan na dawo. In ka gama, hau hasumiyar. Matakalarta ta waje take, tana naɗe jikinta, ba irinta a garin. Daga sama za ka hango masallacin Sultan Hasan mai makarantun mazhabobi huɗu har da tamu ta Malikiyya, da ganuwar Salahuddin a kan tudu, da ɗakunan tattabaru na katako a kan rufin gidaje. Mutanen ƙasashenmu sun daɗe suna shan wannan kallo: Mansa Musa ya yada zango a garin a 1324 kan hanyarsa ta hajji, mutanen Kanem sun gina wa ɗalibansu makaranta a nan tun ƙarni na 13, Azhar kuma ta taɓa samun ruwaƙin Barnawa, wato masaukin ɗaliban Barno. Sanin haka ya rage mini jin baƙunta ƙwarai.

Mutane za su taru a kanka, musamman yara. Kada ka rufe littafi, rufewa ce ke jawo zargi. Juya shi su gani, ka yi murmushi, ka ci gaba da aikinka. Za ka ji ana cewa Allah yinawwar, ko tislam idak, yabo ne, ka amsa da godiya. Idan a gaban shagon wani za ka zauna, yi sallama ka nuna littafin ka ce mumkin, wato ko zai yiwu, sau da yawa kujera za a miƙo maka. A titin Khayamiyya da ke bayan Bab Zuwaila, inda masu ɗinkin rumfa suke yanka ƙyalle suna ɗora shi kan ƙyalle, wani dattijo ya karɓi littafina ya yi ta juya shafi har ya kai inda na zana aska takwas. Ya tambaye ni mene ne wannan. Na jawo hoton babbar riga a waya na nuna masa. Ya ɗauko takardar da yake huda zanensa a jiki ya shimfiɗa mini, muka yi rabin awa muna nuna wa juna layi da yatsa, Larabcina na makarantar allo, nasa na kasuwa, shayi biyu suka zo ban san wanda ya aika ba.

Akwai inda ba a zane, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, ma'aikatun gwamnati, ofisoshin jakadanci, cikin tashar jirgi, duk inda ka ga mai bindiga a ƙofa, mayar da littafi aljihu. Na taɓa zama ina zana wata bishiya, ashe ginin da ke bayanta ana gadinsa. Wani jami'i ya tsallako ya ce mamnu', wato an hana, ya karɓi littafin ya duba shafi ɗaya bayan ɗaya, ya nemi fasfo. Na ba shi kwafin da nake yawo da shi da takardar asibitin Kawu, ya karanta, ya miƙo mini ya nuna mini hanya. Riƙe kwafin fasfo da biza a cikin bangon littafin kullum, kuma in an ce ka tashi, tashi ba gardama.

Game da zanen masu rai, kowa ya san malamai sun yi magana a kai, kuma kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Ni dai gini da ƙofa da keken mai dafaffen waken da suke kira ful da tulunsa nake zanawa. In ina son a gane girman ƙofa, nakan sa inuwar mutum a gindinta, ba fuska. Kada kuma ka kafa wa matan mutane ido da sunan zane.

Kowane shafi ka bar masa gefe na rubutu. Kwanan wata, sunan wurin, ƙarfe nawa, da kalma ɗaya da ka koya a zaman. Larabcin titi ba shi ne na littafi ba: jimun suna mai da shi ga, masallaci ya zama gami', ƙaf kuma su haɗiye shi, shi ya sa ƙahwa ta koma ahwa. A gefen shafukana akwai sunayen tashoshi, da kuɗin da na biya mai tasi ranar da aka cuce ni da wanda bawwab ya ce shi ne daidai, da lokutan maganin Kawu. Kalma ɗaya a zama ɗaya, kafin wata ya cika na iya cinikin tumatir ba tare da nuni da yatsa ba.

Kullum bayan magariba nakan zauna a bakin gadon Kawu in buɗe masa shafin ranar. Shi da bai ga komai na garin ba sai silin asibiti da tagar mota, ta littafin ya san titinmu. Yakan sa tabarau ya ce, "Ɗan nan, wannan tsohuwar mai kwando yau ma ta zuro?" In ce, "Ta zuro, Kawu, yau har da gurasa." A mako na shida likita ya ce ya fara taka ƙasa da sanda. Na tambaye shi, "Ina kuke so mu fara zuwa?" Ya buɗe shafin farko da kansa, ya ɗora yatsa a kan ɗigon da na rubuta ahwa. Muka sauko a hankali, bawwab ya riƙe masa ƙofa yana ce masa ya hajj, muka yi taku ɗari da wani abu, muna tsayawa yana hutawa. Kafin mu ƙarasa mai shayin ya hango mu, ya fito da kujera ta biyu ya jingina ta da bango kusa da tawa, ya shiga ciki ya kawo kofi biyu, na Kawu ba sukari.